Na Je Faraku Ɗauko Jikana

Tun ranar da na dawo daga Faraku ban huta da tambaya ba. A gidan suna a tare ni, a wurin niƙa a tare ni, wadda ta zo sayen man gyaɗa kwalba ɗaya sai ta ja kujera ta zauna. "Asabe, wai da gaske mata ke tuƙa babur a can?" "Wai har da ke aka ci burodin nan mai kama da sanda?" Bakina ya gaji. Shi ya sa na ce bari in zauna in rubuta sau ɗaya, wadda ta iya karatu ta karanta wa wadda ba ta iya ba, ni kuma in koma kan tuyar ƙuliƙulina.

Kafin mu hau mota sai na faɗi abin da ya fitar da ni daga Kontagora, ni da ban taɓa wuce Yawuri ba. Ɗana na fari makanikin manyan motoci ne. Ya bi ubangidansa zuwa Faraku a ƙasar Benin, ya zauna, ya auri wata Bayarabiyar can mai suna Mulika. Shekara uku da suka wuce mota ta zame daga kan jak ta danne shi, ya kwana biyu a asibiti, ya cika. Mulika ce ta bugo mini waya tana kururuwa, ga ciki wata bakwai. Tsakar gidanmu cike da mata a lokacin, ana ɓarar gyaɗa. Ni kuwa yadda aka rene ni, uwa ba ta kama sunan ɗan fari, ba ta yi masa wasa, ba ta kuka a kansa a gaban jama'a. Shekara talatin da biyu "kai" nake ce masa, in zan ba da labarinsa in ce "yaron nan". Sai na ce mata, "To. Allah ya jiƙan rai." Na miƙa wa wata wayar, na ci gaba da ɓara. Kowa ya yaba haƙurina. Mulika kuwa daga ranar ba ta ƙara ɗaukar wayata ba, ta bakin direbobi muka ji ta haifi namiji.

Bana bayan an gama kaka dangi suka zauna suka ce yaro ya isa a ɗauko shi ya taso cikin gidan ubansa. Ana ta wa zai je, wa zai je, sai na ji bakina ya ce, "Ni zan je." Gaskiya ina son jikan nan nawa kamar in haɗiye shi tun ban gan shi ba, kuma ina tsoron uwarsa ta hana ni ko kallonsa.

Maƙwabciyata Saratu ce ta ce ba za ta bar ni in tafi ni kaɗai ba. Bakambara ce 'yar Salka, Kirista, tana sarin waken suya, ta san hanya har bakin iyaka. Saratu ba ta iya magana a hankali ba, ko sirri za ta faɗa miki sai na bayan katanga ya ji. Na haɗa tsarabata: jarkar man gyaɗa, ƙaramin buhun ƙuliƙuli, daddawa, da riga da hula na yaro da na ƙiyasta da ido. Mako guda ina ɗaure kayan ina kwancewa don zumuɗi.

Da safe muka hau bas a tasha, aka ɗaure jarkata a saman mota. Muna isa Salka Saratu ta leƙa kai ta taga tana gaishe da rabin garin da yarensu, har direba ya ce, "Madam, ko in sauke ki ki gama gaisuwar, in dawo gobe?" Tsakanin Salka da Auna ramukan hanya suka sassauta murfin jarkar, ban sani ba. Akwai wani malamin makaranta a bakin taga, ya sha farar shadda da guga, za shi ɗaurin aure. Sai ya fara shinshina, ya ce, "Wa ke suya a motar nan?" Ashe mai ne ke gangarowa ta jikin gilashi yana ɗiga masa a kafaɗa tun Salka. Da aka tsaya aka duba, hannun rigar ya jiƙe sharkaf. Na rasa inda zan sa kaina. Na kwance buhu na cika masa hannu biyu da ƙuliƙuli ina ba shi haƙuri. Ya dubi rigar, ya dubi ƙuliƙulin, ya ce, "Baba, tunda kin riga kin zuba mini mai, ai sai ki ƙaro yaji." Motar ta kwashe da dariya, har muka rabu da shi ana kiransa Malam Soyayye.

Ruwan Kainji kuwa, jama'a! Ni na ɗauka kogin da na gani a Yawuri shi ne ƙarshen ruwa. Mota ta hau kan madatsar, ruwa ta nan har iya ganin ido, ta can kuma rami. Na rufe ido na karanto duk addu'ar da na sani, har da ta shiga kasuwa. Saratu ta dinga zungurina, "Yaya, buɗe ido ki gani! Kuɗin mota kika biya, ki kalla!" Na buɗe ɗaya, na ga masunta a cikin kwalekwale ƙanana can ƙasa suna harkarsu, ko a jikinsu.

A Bussa muka canza mota zuwa Babanna. Hanyar daji ce, saboda 'yan fashi direbobi ba sa binta sai da rana tsaka, kuma sai sun haɗu motoci uku ko huɗu suna bin juna. Ba wanda ya yi hira sosai a wannan tsakanin. Muka isa da la'asar lafiya lau, ƙura ta mai da mu jajaye, Saratu ta dube ni ta ce ko mijina marigayi ya tashi ba zai gane ni ba.

Mun kwana gidan wata mai abinci da Saratu ta sani, Babargiya, ana ce mata Iya Bake. A nan na fara ganin gaisuwar Bargawa. Matar nan ta durƙusa har ƙasa, tana ta jero gaisuwa, ni ina "lafiya lau" ita tana "oo, oo", ba ta da niyyar tashi. Na ce ba za a fi ni ladabi a ƙasar mutane ba, ni ma na durƙusa. Ita ta gama ta miƙe tsaf, ni gwiwa ta ce ba ta san zancen ba. Sai da Saratu ta kama hannu ɗaya, Iya Bake ta kama ɗaya, suka ɗaga ni. Ta kawo mana sakwara da miyar gyaɗa, a ciki da wasu yanka jajaye masu taushi. Na ci uku ina yaba naman, ina mamakin dabbar da ba ta da ƙashi ba ta da jijiya. Ashe cuku ne na nonon shanu, suna ce masa wagashi, da karan dawa ake rina bayansa. Mu muna zaune da Fulani shekara da shekaru, nono da fura kawai muka sani. Na ce da Iya Bake in na dawo sai ta koya mini.

Da safe muka nufi iyaka. Ni a raina katanga zan gani mai tsawo da ƙyauren ƙarfe. Sai ga igiya an ɗaure tsakanin gangar mai da kututture, akuya na wucewa ta ƙarƙashi ba mai tambayarta takarda. Na ce, "Saratu, wannan ce ƙasar wajen?" A ɓangaren can wani jami'i mai ƙaramar hula ya karɓi katinmu. Yana jin Hausa, sai dai tana fita ta hanci. Ya tambayi inda za mu, na ce Faraku. Wurin wa? Na ce gidan ɗana marigayi.

"Sunansa?"

Na sunkuyar da kai na ce, "Yaron nan dai, makanike ne."

"Madam, yaron nan ba suna ba ne. Me zan rubuta?"

Mutane na bayanmu a layi suna jira. Saratu ta gaji ta faɗi sunan da muryar nan tata, har na can bakin igiya suka waiwayo. Jami'in ya rubuta, ya ɗago ya dube ni, ya dubi Saratu, ya ce, "To wace ce uwar a cikinku?" Ba da mugunta ya faɗa ba, tambaya ce kawai, amma ta soke ni. Muna fita Saratu ta ce, "Yaya, ni nawa na fari sau ɗari nake kiransa a rana, har ya ce in bar shi ya sha iska. Wannan kunya taku, wa take yi wa amfani?" Na ce ta rufe mini baki, ba ta san al'ada ba. Ta ce to.

Ɓacin ran bai daɗe ba, don abin kallo ya yi yawa. Muka shiga wata tsohuwar Fijo da ta girme ni, mutum huɗu a gaba, kaji a ƙarƙashin kujera, direba na tuƙi da rabin jikinsa a waje. Gonakin auduga ko'ina fari fat, manyan motoci sun yi lodinta har suna tangaɗi. Fetur kuwa a manyan kwalabe ake jera shi bakin hanya, da farko na ɗauka zuma ce. Mata kuma e, da gaske ne, suna tuƙa babur. Na ga wata da goyo a baya, kwandon doya a gaba, ta sha kwalliya, ta wuce mu fuu tana yi wa direbanmu hon ya ba ta hanya. Na tafa hannu na ce, "Allah ya ja zamaninki!" A Nikki muka sayi burodin. Dogo ne kamar muciya, bayansa tauri cikinsa iska, na gatsa ɗaya ya kusa tafiya da haƙorina na gaba. Su kuwa a hammata suke saƙala shi su yi ta yawo. Wani abin mamaki, rana na take tsaka sai masu shaguna da yawa su ja ƙofa su tafi hutu. A Kontagora ka rufe shago da azahar, ai kafin la'asar an zo yi maka jaje.

Mun shiga Faraku da yamma. Gari ne babba, 'yan acabansu duk riga iri ɗaya da lamba a baya. A unguwar Zango na ji Hausa ta ko'ina, hankalina ya ɗan kwanta. Muka tambayi garejin manyan motoci, aka kai mu wurin ubangidan yaron nan, wani dattijo mai furfura, hannunsa baƙi ƙirin da man inji. Da Saratu ta gaya masa ko ni wace ce, sai ya ajiye sifana ya ƙwala wa duk garejin kira, "Ku zo ga Maman wane!" Ya kama sunan ƙarara. A can haka ake yi, ba a kiran mace da sunanta, sai da sunan ɗanta na fari, kuma girmamawa ce. Makanikai suka taru suna gaishe ni, kowa sai ya maimaita. Sunan da na yi shekara talatin da biyar ina kauce masa, a yini ɗaya aka liƙa mini shi ya zama nawa. Haka na yi ta amsawa.

Dattijon ya raka mu gidan Mulika. Tana ƙofar gida tana suyar kifi, siririya, doguwa, ba ta kai yadda na zana ta a raina ba. Ta gan ni ta gane ni, ta ce kamarmu ɗaya da shi. Ta zube gwiwa biyu a ƙasa yadda Yarabawa ke yi, ta kawo ruwa, ta kawo abinci, ta share mana ɗaki. Ba abin da ta rage na ladabi, kuma ba ta yi murmushi ko sau ɗaya ba. Na dudduba tsakar gida ban ga yaro ba. Na tambaya, ta ce yana gidan mamanta. Ɗakin da ta sauke mu na marigayin ne, ga takalminsa na aiki a bayan ƙofa, ga hular da na aika masa da sallar da ta gabaci rasuwarsa a rataye a ƙusa.

Washegari da hantsi Mulika ta zo ta zauna a bakin ƙofa. Hausarta a wurin mijinta ta koya, har da irin lafazinmu na Kontagora, abin da ya ƙara karya mini zuciya.

"Mama, na san abin da ya kawo ki. Kin zo ɗaukar yaro."

Na ce haka ne, dangin ubansa ne suka aiko ni.

"Ni ba zan ba wanda bai so ubansa ba."

Saratu ta buɗe baki, na riƙe mata hannu. Mulika ta ci gaba. "Shi ya gaya mini, tunda aka haife shi ba ki taɓa kiran sunansa ba. Yana dariya yana faɗa, wai al'ada ce. Amma ni na ga idonsa. A asibiti kwana biyu yana kiran Inna, Inna. Na buga miki waya, kika ce to. To! Kamar na ce miki kifi ya ƙare."

Na so in gaya mata cewa ranar, bayan matan sun watse, na ɗora gyaɗa a wuta na tsaya a kanta har ta ƙone ƙurmus, hayaƙi ya cika gida, don in an ga idona a ce hayaƙi ne. Na so in gaya mata shekara uku ana yaba haƙurina, ni kuma ina jin kowane yabo kamar an ɗora mini dutse. Ko ɗaya bai fito ba. Abin da ya fi damuna shi ne wai ta ga idonsa. Ni a zatona ya gane. Duk ɗan Bahaushe ai ya san uwa na ɓoye son ɗan fari ne don ya yi yawa. Ban taɓa tunanin mutum zai iya sanin abu kuma ya ci gaba da jin yunwarsa ba.

Ta tashi ta fita. Can sai ga ta da yaro a hannu, ta sauke shi a tsakar gida ya nufi wata tsohuwar taya yana gangarawa. Ƙeyarsa na fara gani, da kunnuwan nan masu fitowa waje. Wallahi ubansa sak.

Mulika ta ce, "Ga shi. Ki kira shi. In ya zo wurinki, ki tafi da shi."

Na ce wannan ai mai sauƙi ne, jikoki nawa na yi wa wayo. Na ɗebo ƙuliƙuli na miƙa hannu. "Kai, zo nan." Bai waiwayo ba. "Maigidana, zo ka karɓi cefane." Shiru. "Angona! Abba! Babangida!" Yaro na ta tura tayarsa, ba ya jin Hausa, bai san da ni ake ba. Na dubi Mulika na ce, "Me kuke ce masa?"

"Sunan ubansa aka sa masa. Ba shi da wani."

A gida da sai a saka masa laƙabi tun ranar suna, don irina su sami abin kira. Nan ba wanda ya yi wannan tunanin. Matan gidan sun fito sun tsaya a ƙofofinsu suna kallo. Saratu, wadda ba ta taɓa yin shiru ba tunda na san ta, ta yi tsit. Na buɗe baki, iska ce ta fito. Na sake buɗewa. Na ji kamar zan tuɓe zane a tsakiyar kasuwa. Yaron ya kai tayarsa bakin zaure, saura kaɗan ya fice.

Na ce, "Haruna."

A hankali ya fito, ko ni da ƙyar na ji. Na sake cewa, "Haruna!" Wannan karon da ƙarfi. Yaron ya tsaya ya juyo. Ni kuwa bakina ya ƙi tsayawa. Haruna, Haruna, Haruna, ina faɗa ina kuka irin na ƙauye, mai majina da kururuwa, na zube a ƙasa a gidan mutane a ƙasar mutane, ban damu da wanda ke kallo ba. Ba ƙaramin nake kira ba, kowa a gidan ya san haka. Ƙaramin dai ya tako a hankali, ya tsaya ya ƙare mini kallo, ya wafce ƙuliƙulin daga hannuna ya ruga bayan uwarsa. Sai na ji hannu a wuyana, Mulika ce ta durƙusa ta rungume ni, muka yi ta yi tare. Saratu ma ta shiga, nata ya fi na kowa ƙara.

Kwana shida muka yi. Na koya wa Mulika tuyar ƙuliƙuli, ta koya mini cin kafa, wato agidinsu na masara, da miyar kifi mai barkonon da ya sa na ga taurari da rana. Rigar da na kai ta yi wa yaron kaɗan, hular kuma ta rufe masa ido, haka ya dinga yawo da ita yana karo da bango. Dattijon gareji ya kai ni bakin maƙabarta, na tsaya daga waje ya nuna mini wurin da hannu, na yi addu'a na kama suna. Har bayan babur ɗin wata ƙawar Mulika na hau muka zaga kasuwa, ina riƙe da ƙugunta ina salati, kuma a gaya wa kowa na ji daɗinsa.

Ranar da za mu taso na fito na tarar da ƙaramar jaka a bakin ƙofa. Mulika ta ninke kayan yaron tsaf, ta yi masa wanka ta shafa masa hoda, idonta ya kumbura. Ta ce, "Ya zo wurinki, Mama. Na yi alkawari." Na zauna na buɗe jakar, na fito da kayan ɗaya bayan ɗaya na mayar mata a cinya. Na ce, "Ni na samu nawa shekara talatin da biyu, na yi ta kau da kai. Ke ki riƙe naki. Ki kira shi da safe, ki kira shi da rana, ki kira shi ko ba ki da aiken da za ki yi masa. In an yi hutu ku zo ku ga gida."

Mun iso Kontagora ranar Laraba da la'asar. Kafin in kwance ɗankwali tsakar gida ta cika, dangi maza a zaure, mata a ciki, kowa na leƙa bayana. Babbar yayar mijina, wadda ta rene ni a gidan nan tun ina amarya, ta ce, "Asabe, ina yaron?"

Na ce, "Haruna ƙarami yana wurin uwarsa, can ya dace da shi. Haruna nawa kuma na ga inda yake kwance."

Tsohuwar ta zuba mini ido. Ita ma nata na fari ya rasu tun ina da goyo. Sai na ga leɓenta na motsi, ta ja mayafi ta rufe fuska, ta ce, "Nawa Isa ne sunansa."